Dabon karta da masu cewa aikin aljanu ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan bidiyoyin 'yan dabo da ake ta turawa a WhatsApp, inda za ka ga mutum ya cuɗa karta a gabanka ya sake cuɗawa sannan ya baje ta ta fito a jere tsaf, sai mutane su hau salati wai da aljanu yake aiki. Haba jama'a! Saurin hannu ne da lissafi.

Karta guda 52 ce. Ɗan dabon yana raba ta gida biyu daidai wa daida, 26 nan 26 can, sai ya haɗa bakinsu ya saka su cikin juna ɗaya bayan ɗaya, ba ya bari biyu su faɗo tare daga gefe guda. Faro suke kiran wannan cuɗawar. In kartar da ke sama tana zama a sama kowane karo, to ya yi haka sau 8 kawai, kowace karta ta koma gidanta kamar ba a taɓa ta ba. Dalili shi ne duk cuɗawa ɗaya tana ninka matsayin karta sau biyu (wato yawan kartocin da ke samanta), in ya wuce 51 sai a cire 51, kuma in ka fara da 1 kana ninkawa biyu-biyu har sau takwas 256 za ka samu, wato 51 sau biyar da ragowar ɗaya, ka ga an dawo 1 ɗin da aka fara da shi. In kuwa ta saman ce ke nutsewa ta koma ta biyu, sai ya yi sau 52 kafin ta dawo, shi ya sa ba su cika bin wannan ba, wa zai tsaya jira?

Wahalar a yatsu take, ko karta ɗaya ta zame shi ke nan wasa ya lalace.

Akwai wani farfesan lissafi a Jami'ar Stanford ta Amurka, Persi Diaconis, yana ɗan shekara 14 ya bar gida ya bi wani gwanin dabo Dai Vernon. Shi da Dave Bayer suka nuna a 1992 cewa cuɗawa irin ta kowa da kowa sai an yi kamar sau bakwai kafin karta ta gauraya sosai.

Ina roƙon ku buɗe ɗan shafi na irin waɗannan wasanni, malaman lissafi na sakandare su samu abin shiga aji da shi, don yaranmu da sun ji an ce lissafi sai hamma.

Naku,
Mai karatu daga Zariya