Muzuru da Shaho: A Duba Akurki Kafin a Sayi Guba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu yi magana da masu kiwon kaji a cikin gida, musamman iyayenmu mata na Damagaram da kewaye, waɗanda kaza ce asusunsu, ita ake kamawa a kai kasuwar Dole ranar da ciwo ya tashi ko baƙo ya sauka. Kaza ta yi kwanci kwana 21, ta fito da ƴan tsaki goma ko fiye, kafin wata biyu a waiga a ga waɗanda ke bin ta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. In an yi magana sai a ce ai zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma karin maganar bai ce a kwana da ƙofar akurki a buɗe ba.

Kafin a kashe ko dala, a fara gane ɓarawon, don kowanne da irin sawunsa. Shirwa da shaho da rana suke aiki: su sure ɗan tsako su tashi, ba jini ba gashi, sai dai a ga uwar ta baje fukafukai tana kuka tana zagaye. Hankaka ya fasa ƙwai ya sha ya bar ɓawo da huji, maciji da guza kuwa haɗiye shi suke ɗungurungum, a iske sheƙa wayam. In aka wayi gari da kaji biyu ko uku a mace cikin akurki, an cije su a wuya ko an cinye kai, a nemi tunku ko inyawara. Muzuru guda yake ɗauka, ya ja ta wani lungu ya ci, ya bar gashi. Kare ya kashe da yawa ya watsar, sau da dama bai ci ko ɗaya ba. Ɓera yana jan ƴan tsaki daga ƙarƙashin uwarsu cikin dare, gafiya kuma ita ke haƙa ramin da sauran ke bi. Wanda bai tabbatar ba, ya barbaɗa toka ko rairayi mai laushi kewaye da akurki bayan magariba, ya lallaɓe da tafin hannu. Da asuba zai ga sawun ƙafa ko jan ciki, ya kuma ga kafar da aka shiga.

Mafi yawan asarar rana tana faɗawa kan ƴan tsaki ne a makonni shida na farko, don haka a tsare su a wannan lokacin. Keji na katako mai tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin mita ɗaya, tashin santimita 50, da ragar waya a gefe huɗu da sama, ya ishi uwa ɗaya da ƴaƴanta. A rufe sulusin samansa da zana don inuwa, a riƙa matsar da shi kowane kwana biyu kada kashi ya taru. Wanda bai da halin waya, babban kwandon kaba ya wadatar, a kife a ɗora dutse a kai. Sai dai tsarewa tana zuwa da nauyin ciyarwa: ɓarzajjen gero ko dawa, dusa, gara in an samu, da ruwa a faranti marar zurfi da tsakuwa a ciki don kada su nutse. Inda ake kuskure shi ne a kulle su ba abinci isasshe, su rame, a ce kejin ne bai karɓe su ba.

Bayan an sake su, tsakar gidan da aka share fes, ba inuwa ba maɓoya, ita ce kasuwar shirwa. A ɗora guntun zana a kan duwatsu huɗu, tashin taƙi ɗaya, wuri biyu ko uku, yadda da zarar uwa ta yi kukan gargaɗi za su shige. Tsohon gidan sauro da ya riga ya yage, ba wanda yara ke kwana ciki ba, yana aiki in an shimfiɗa shi sama da lungun da suke kiwo, ko da yake rana tana cinye shi cikin ƴan watanni. Kuma a daina jefa hanjin kaza da ragowar nama a jujin ƙofar gida. Abin da ke tara shirwa a mahauta shi ne ke kiranta gidanku, da karnuka da muzurai a bayanta.

Maganar dare ta fi tsawo. Akurki ta wuri uku ake shigarsa: ƙasa, ƙofa, da kafar iska. Siririyar ragar nan mai ido mai kusurwa shida da aka fi saya tana hana kaza fita ne kawai. Kare yana yaga ta, ɓera da maciji kuma ta idonta suke wucewa. Wadda ake so ita ce mai kauri mai ido murabba'i, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gwajin mai sauƙi ne: duk kafar da babban yatsa ya shiga, ɓera zai shiga. Wajen kafa ta, a huda marfin kwalbar lemo a sa ƙusa ta cikinsa, ɗaya kowane santimita 10, domin kan ƙusa tsurarta raga take zamewa in an ja ta.

Ta ƙasa, a haƙa rami zurfin santimita 30 kewaye da bango a cika da dutse da siminti, ko kuma a shimfiɗa raga a ƙasa ta fito waje santimita 40 daga gindin bango, a rufe ta da ƙasa. Dabba mai haƙa a jikin bango take farawa, in ta ci karo da waya ba ta komawa baya ta sake. Wannan aiki kafin damina ake yinsa, don a watan Agusta da ruwa ya fi yawa gindin ginin ƙasa yana laushi, haƙar dare ɗaya ta isa. Wata hanyar ita ce a ɗaga akurkin katako a kan ƙafafu, tashin santimita 80 zuwa mita ɗaya, a kifa tsohon kwano ko babban gwangwani a saman kowace ƙafa yadda mai hawa zai tarar da rufi.

Ƙofa kuwa, langa-langan da ake jinginawa a tokare da dutse ba ƙofa ba ce. A yi mata dokin ƙofa da za ta zauna ciki, da sakata, kada ragowar da ke ƙasa ko gefe ta kai kaurin ɗan yatsa. A cike ƴan kafofin da ke tsakanin kwanon rufi da kan bango da laka, nan ne aka fi mantawa. Amma kada tsoron muzuru ya sa a toshe akurki ruf. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40, kaji a ɗakin da ba iska sai a wayi gari sun mutu ba wanda ya taɓa su. A buɗe taga biyu masu fuskantar juna can sama kusa da rufi, kowace kamar santimita 20 da 30, a rufe da raga. Kaji huɗu zuwa biyar a murabba'in mita ɗaya, sandar kwana santimita 25 ga kowace kaza, kuma sandar ta yi nesa da raga da santimita 30, don muzuru yana zura hannu.

Sau da yawa mai kaji zai ce ya gina akurki amma sun ƙi shiga, sun koma kwana kan katanga da dogon yaro. A ɗauki fitila da dare a duba tsagogin bangon. Akwai kaskar kaji da ke ɓuya a cikinsu da rana, ta fito da dare ta sha jini, ita ke korarsu waje su faɗa bakin muzuru. A kwashe shara a ƙone, a yaɓe kowace tsaga, a shafe da farar ƙasa, a tambayi likitan dabbobi maganin feshin da ya dace. Daga nan a riƙa zuba musu tsaba a cikin akurki kullum dab da magariba. Cikin mako guda da kansu za su riƙa shiga.

Guba muke roƙo a bari. Kaza mai tone-tone ce, ita za ta fara cin maganin ɓeran, yaro mai rarrafe ma bai tsira ba. Ɓeran da ya ci ya mutu a fili, kyanwar gida ko mujiya ta ci shi ta mutu, alhali su ne masu rage ɓeraye. Ungulu kuma, wadda ba ta taɓa ɗan tsako mai rai, ta ci mushen ta bi su. Tarko ya fi: a sa shi cikin akwati mai huji santimita 5 ko 6 a jikin bango, inda kaza ba ta kaiwa. A kulle dusa da hatsi a tukunya mai murfi, kada a bar abinci ya kwana a ƙasa, domin tsaba ke kiran ɓera, ɓera ke kiran maciji.

Masu zama kusa da duwatsun Birni da bakin tafkuna su ƙara kula da damina, lokacin da ake sa wa kaji ƙwan zabi. A janye tarin itace, kara da bulo mita biyu ko uku daga akurki, a kwashe ƙwai safe da yamma, kada a zura hannu a sheƙa cikin duhu. Kumurci yana tsarta dafi a ido. Wanda abin ya sama ya wanke da ruwa mai yawa nan take ya nufi asibiti.

Muna kuma roƙon ma'aikatan kiwo da gidajen rediyon jiha, duk lokacin da ake shelar allurar rigakafin kaji, a haɗa da bayanin gyaran akurki, tunda a lokacin ne masu kaji suka fi sauraro.

Wassalam.

Wasu masu kiwon kaji da masu aikin lafiyar dabbobi,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar