Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2023

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Rahoton nan ya makara, kuma ni na nemi a jinkirta shi. Shugaba ya so a karanta shi a taron Disamba, na roƙe shi mu dakata har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan zaɓen gwamnan Kano, tunda aikinmu na bara kacokan a kan zaɓen ya rataya. An yanke ranar 12 ga Janairu 2024.

Tarukan wata-wata duk an yi su, ban da na Fabrairu.

Na ji ana ƙorafi cewa ba mu cika alkawarin kai dattawan unguwa karɓar katin zaɓe ba. Gaskiya ne, ba duka muka kai ba. Amma a tuna halin da ake ciki. Wa'adin karɓar kati ya ƙare ranar 5 ga Fabrairu, daidai lokacin da takardun naira suka yi ɓatan dabo saboda sauyin fasalin kuɗi. Mai Adaidaita Sahu tsabar kuɗi yake so, asusunmu kuwa babu ko na sawu biyar. Mutum uku ne suka riƙa jigilar tsofaffi a kan baburansu, da man aljihunsu. Ɗan littafin ƙa'idojin zaɓe da muka shirya da boko da ajami shi ma yana nan a rubuce, kuɗin bugawa ne babu. Wanda bai biya kuɗin wata ba tun kafin azumi, don Allah ya daina tare ni a hanya yana tambayata ina littafi.

Abin da ya faranta mana rai shi ne gwajin zaɓen da muka shirya. Da hukumar zaɓe INEC ta ɗage zaɓen gwamna daga 11 zuwa 18 ga Maris domin sake saita BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, sai muka ci moriyar makon nan. Harabar Islamiyya ta cika maƙil, mata sun fi maza yawa, har da waɗanda ba su taɓa dangwala ƙuri'a ba. Matasanmu suka yi akwati da kwali, aka ja layi kamar gaske. Muka bayyana cewa babu zaɓe sai da kati, na'ura za ta tantance mutum da yatsa ko da fuska, kuma duk wanda ƙarfe 2:30 na rana ya same shi a layi dole a bar shi ya jefa tasa. Aka koya wa kowa naɗe takarda yadda tawada ba za ta shafi gidan wata jam'iyya ba. Wata baiwar Allah sau uku tana komawa layi, ta ce sai hannunta ya saba.

A wurin muka yi ta nanata cewa kowa ya juya bayan takardarsa ya ga hatimi da sa hannun jami'in rumfa. Akwai mamban da ya ce wannan ɓata lokaci ne. To, an bayyana Abba Kabir Yusuf na NNPP da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC da 890,705. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zaftare 165,663 daga ƙuri'un Abba a kan maganar hatimi da sa hannun nan, ta ba Gawuna nasara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta tsige Abba ranar 17 ga Nuwamba, sai Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa. Ƙungiyarmu ba ta jam'iyya ba ce, kowa ya sani, amma na yi alfahari cewa abin da jiha ta shafe watanni tana shari'a a kansa, mu mun koyar da shi tun kafin a jefa ƙuri'a.

Masu rajista a Kano a zaɓen 2023 sun haura miliyan 5.9, amma ƙuri'un manyan 'yan takarar biyu a haɗe ba su kai miliyan 2 ba. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, musamman da na san cikin mambobinmu akwai waɗanda ranar zaɓe ko ƙofar gida ba su leƙa ba, ballantana su raka wani rumfa.

Na san an cire tallafin mai tun 29 ga Mayu, rayuwa ta yi tsada ga kowa, har da waɗanda suke biya ba fashi. Ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a taron watan gobe. Mai son biya kaɗan-kaɗan ya same shi kafin ranar, kuma kuɗin farko da ya shigo na buga littafin ne.

Sakataren ƙungiya