Kada a auna allurar ƙyanda da mudun korona

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi gyara kan wata magana da ke yawo a majalisu, wai tunda waɗanda aka yi wa allurar korona sun sake kamuwa, to rigakafi duk aikin banza ne. Maganar nan tana sa wasu iyaye sanyin gwiwa wajen kai yara allurar ƙyanda, alhali cututtukan ba halinsu ɗaya ba.

Bayan allura, jiki na ɗaukar kamar mako biyu kafin garkuwa ta kankama, kuma kariyar iri biyu ce. Akwai sinadaran da ke yawo cikin jini suna cafke ƙwayar cuta, waɗanda yawansu ke raguwa bayan 'yan watanni. Akwai kuma fararen ƙwayoyin jini masu riƙe kamannin cutar. Su kan daɗe, amma sai sun yi kwanaki kafin su yunƙura.

Korona da murar infuluwenza sukan bayyana cikin kwana biyu zuwa huɗu ko biyar, wato kafin rukuni na biyu ya shirya, sannan suna yawan sauya kama. Shi ya sa kariya daga kamuwa da korona ke yin rauni bayan wata huɗu zuwa shida, ko ta allura aka same ta ko ta jinya, amma kariya daga ciwo mai kai mutum gadon asibiti ta fi haka daɗewa. Allurar infuluwenza kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya na sake duba haɗinta duk watan Fabrairu da Satumba. Tsofaffi, masu juna biyu da masu ciwon suga su ne ya fi kamata su tambayi likita lokacin da za a ƙara musu allura.

Ƙyanda ma ta numfashi ake ɗaukarta, sai dai takan kwana goma ko fiye kafin zazzaɓi ya taso, abin da ke ba fararen ƙwayoyin nan lokacin shiri, kuma ba ta sauya kama ta yadda za ta kuɓuce wa garkuwa. A 1846 ta ɓarke a tsibiran Faro da ke arewacin Turai, likita Peter Panum ya tarar tsofaffin da suka yi ta a 1781 ba su sake kamuwa ba, bayan shekara 65.

Wannan ba hujja ba ce ta barin yaro ya yi ƙyanda don ya huta. Ban da ciwon huhu, zawo da makanta, tana goge wani ɓangare na garkuwar da yaro ya tara a kan wasu cututtuka, sai a ga yana ta laulayi bayan ƙurajen sun baje.

Inda ake samun matsala shi ne nan: allurar ƙyanda ta farko da ake yi wa yaro a wata tara tana kama kusan yara 85 ne cikin 100, domin ragowar garkuwar uwa kan dakushe ta a jikin wasu. Ta wata goma sha biyar ita ke kamo sauran, kuma ita ce aka fi mantawa. Ma'aikata su ma su kula: a ajiye maganin tsakanin digiri 2 zuwa 8, a kare shi daga hasken rana, kwalbar da aka haɗa a zubar da ita bayan awa shida.

Ina kira ga iyaye su duba katin rigakafi kafin bazara, lokacin da ƙyanda ta fi ƙamari a Arewa. Yaron da ya wuce wata goma sha biyar bai samu ta biyu ba, a kai shi, ba sai an faro daga farko ba.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiya, Zariya.