Sanarwa: Faifan jazz na wannan mako

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka.

Faifan da za mu saurara a wannan mako shi ne Kind of Blue na Miles Davis, mai busa ƙaho (trumpet). An naɗa faifan a birnin New York a 1959, cikin zama biyu kacal, Maris da Afrilu. Wanda ya taɓa jinsa ma ya daure ya sake.

Don Allah kada a kunna ana hira. A samu wuri shiru a zauna. A kiɗan farko, So What, ku kasa kunne ga Paul Chambers: shi ke jan taken da bes (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya), sauran suna karɓa masa kamar mawaƙi da ƴan amshi. Sannan ku lura yadda Miles ke busa kaɗan ya numfasa, John Coltrane kuwa da ya shigo da saksofon sai ya cika ko'ina. A wurina wannan bambancin ne daɗin faifan.

Bill Evans ne ke kan fiyano, ban da a kiɗan Freddie Freeloader, inda Wynton Kelly ya karɓa.

Ranar Juma'a bayan sallar isha'i kowa ya rubuto mana kiɗan da ya fi kama shi, da dalili.