A kai ɗalibanmu Gidimuni su ga tsuntsaye

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana kan tafkunan jihar Damagaram da tsuntsayen da ke sauka cikinsu, don abin yana cina a rai tun dawowata daga Senegal.

Ɗana da ke aiki a birnin Sanluwi na Senegal ne ya kai ni gandun tsuntsaye na Juj, a bakin kogin Senegal, ba nisa da inda yake faɗawa teku. An kafa gandun a 1971, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1981. Da kwale-kwale ake shiga. Mai tuƙi ya kashe inji ya ce a yi shiru, sai ga tsibiri ya yi fari fat da kwasakwasa, iyaye na dawowa daga kamun kifi, ƴaƴan baƙaƙe suna cusa kai har cikin maƙogwaronsu. A gaɓa ga gadu da ƴaƴanta, ga guza kwance bisa itace yana shan hantsi. Saurayin da ya yi mana jagora ɗan ƙauyen wurin ne, kuma da sanin tsuntsaye yake ciyar da iyalinsa. Kuka kawai zai ji ya faɗa maka mai shi.

To, Malam, yawancin abin da ya nuna mini na san shi tun ina yaro. Kirinjijiya da ke tashi da fito, dinya, zalɓe mai tsayuwa kamar an dasa shi, jinjimi, balbela, zakaran ƙeƙuwa, duk akwai su a Gidimuni, nan kan hanyar Gure. Da sanyi kuma baƙi na zuwa daga Turai, ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu, sun ƙetaro Sahara a kan fiffike, mu ne masaukinsu na farko. Duniya ma ta san da haka: tafkin Lasuri ya shiga jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare wuraren ruwa, a 2005, na Gidimuni a 2019. Amma tambayi ɗalibi a Birni ko Zango, rake da dabino kaɗai zai ce maka ana samu a Gidimuni.

Kuma ruwan ba jiranmu yake ba. Rairayi na cike shi, kacalla na shaƙe shi. A Juj ma sun sha fama da kacallar, tun da aka gama madatsar Diyama a kan kogin Senegal a 1986 ruwan gishirin teku ya daina hawowa, ta sami wurin yaɗuwa. Su dai suna da masu tsaye a kan lamarin. Gauraka da muke gani da yawa a da, yau sai an dace.

Roƙona ga hukumar ilimi da ma'aikatan gandun daji ƙarami ne. Tsakanin Disamba da Fabrairu, a ɗauki aji guda a mota bayan sallar asuba, a ba su madubin hangen nesa ko da biyu ne su riƙa karɓa-karɓa, kowa da littafi da fensir. A nemo masunta da masu lambu na wurin su yi jagora, a biya su, don sun fi kowane malami sanin inda kirinjijiya ke kwana da inda kunkuru ke fitowa. Yaranmu ba sa harbin shamuwa saboda an gaya musu ita ce mai kawo damina. Sauran ma, in aka gaya musu daga inda suka taso, ina da yaƙinin danƙo zai ragu a hannunsu.

Ni na yi ritaya, lokaci gare ni. Duk makarantar da ta shirya, zan raka ta, da madubina guda da na sayo a Sanluwi.

Wassalam,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Zinder