Tashar Speed Ta Rufe, Amma Makanikai Ba Su Manta Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Kowane mako ina buɗe shafin wasanninku a waya, ƙwallo ce daga sama har ƙasa, sai dambe da kokawa jefi-jefi. Tseren motoci kuwa ko layi ɗaya. Ni bakanike ne haifaffen Agadas, yau shekara ashirin da 'yan kai ina aiki a Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kuma abubuwa da yawa da nake cin abinci da su a yau, a gaban wata tashar talabijin da ba ta nan yanzu na koye su.

Sunanta Speed. An buɗe ta a ƙarshen 1995 da sunan Speedvision, kamfanin Fox ya mallake ta a 2001, aka sauya mata suna a 2002. A lokacin cibiyarta na birnin Charlotte, tafiyar awa ɗaya da rabi daga garinmu. Sai ka biya kuɗin wata kake kama ta, kuma dare da rana ba abin da take nunawa sai mai inji: tseren motocin Amurka na NASCAR, na babura, tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, har da gwanjon tsofaffin motoci na Barrett-Jackson a Arizona.

Abin da ya fi kama ni shi ne Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya. Idan a Turai ake tseren, da misalin takwas na safen Lahadi yake zuwa mana. Bayan sallar asuba ba ma komawa barci. Mu uku ne 'yan Nijar a gida ɗaya, a ɗora butar shayi, a zauna a kan darduma. Masu sharhi uku ne, Bob Varsha da David Hobbs da Steve Matchett, amma na ƙarshen nan shi ne namu. Bakanike ne, ya yi aiki a ƙungiyar Benetton a shekarun da direbanta Michael Schumacher ya ci kambun duniya na 1994 da 1995. Mutumin da ya san ƙaurin birki kenan. Idan direba ya shigo canjin taya, hannun makanikan yake nuna maka: mutum uku a kan kowace taya, ɗaya riƙe da bindigar iska mai kwance noti, ɗaya ya cire, ɗaya ya saka, ba mai shiga aikin wani. Kafin ka ajiye kofin shayi mota ta fita.

Tun daga nan na daina zuba safanoni a akwati ɗaya kamar gyaɗa. Kowace da mazauninta a jikin bango, kuma yaron da ya zo koyon aiki wurina, wannan yake fara koya kafin ya taɓa inji. A tashar ne kuma na ga faifan birki ya yi ja kamar garwashi cikin dare a Le Mans, na gane da idona abin da zafi ke yi wa ƙarfe. Yanzu in aka kawo mini mota mai rawar sitiyari idan an taka birki, ba na ɓata lokaci, faifan nake fara dubawa.

A ƙarshen 2012 haƙƙin nuna Formula 1 ya koma tashar NBC. Ranar Asabar 17 ga Agusta 2013, kwana tara bayan Ƙaramar Sallah, da ƙarfe shida na safe tashar ta yi sallama, Fox Sports 1 mai nuna kowane irin wasa ta hau gurbinta. Na tashi na kalla har ƙarshe. Gaskiya ne har yau ana ganin tsere a wasu tashoshi da intanet, amma a warwatse, kowanne da kuɗinsa, kuma sharhin ya fi karkata ga direbobi.

Malam Edita, wannan wasa ba baƙonmu ba ne. Ina yaro motocin tseren Paris-Dakar suna yada zango a Agadas kafin su tsallaka Tenere, mukan tsaya da dare muna kallon makanikansu a ƙarƙashin mota da fitila a goshi. Can sha'awar wannan sana'a ta shige ni. Dubban yaranmu suna gareji a Kano da Maraɗi da Kaduna, da waya a aljihunsu. Ku ware musu rabin shafi, ko sau ɗaya ne a wata, a yi musu bayani da Hausa yadda giya da birki da taya suke aiki a motar tsere. In kun amince, ni zan rubuto na farko, a kan birki.

Naku,
Wani bakanike ɗan Agadas,
Greensboro, Amurka