Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Ranka ya daɗe,

Mahaifina ya shekara talatin yana auna hatsi a kasuwa, bai taɓa kuskuren canji ba. Yanzu sai ya idar da sallar la'asar, ya shafa addu'a, ya sake neman buta. Da magariba yakan tsaya a zaure yana jiran mahaifiyarmu, wadda ta rasu tuntuni. Dangi suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce sammu. Mun sha rubutu da hayaƙi kafin mu kai shi asibiti, inda likita ya ce mun makara.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne gwajin jini. A watan Mayun 2025 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da gwajin Lumipulse, mai auna sinadaran p-tau217 da amiloid a jinin masu shekara 55 zuwa sama da suka fara mantuwa, don gano alamun Alzheimer, cutar da ke lalata ƙwaƙwalwa tana kawo mantuwa. A da sai an huda gadon baya an ɗebo ruwa, ko a yi hoton ƙwaƙwalwa mai tsadar da talaka ba ya ko tambaya.

Na san 'yan kasuwa za su shigo da shi, ko da izini ko babu. To da jinin wa aka tsara ma'auninsa? Galibi na Turawa. Kai ka fi ni sanin binciken Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka da aka fara a 1992: kamuwa da Alzheimer a tsakanin tsofaffin Yarbawa bai kai rabin na baƙaƙen Amurka ba, kuma ƙwayar gadon APOE4, da ake tsoro a can don tana ƙara haɗarin kamuwa da cutar, tasirinta ya yi rauni a Ibadan. Ga ciwon ƙoda, da ya addabi Gashuwa da kewaye, yana ɗaga p-tau a jini ko da ƙwaƙwalwa lafiya lau take. Kada a ce wa dattijo yana da cutar da ba ta warkewa bisa mudun wani gari.

Roƙona, ma'aikatarka ta ware kuɗi asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa, Kware da Maiduguri, su jarraba gwajin a kan mutanenmu kafin ya cika gari. Kafin nan, a koya wa ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su duba ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo ga duk tsohon da aka kawo da mantuwa, don waɗannan suna jin magani. Mahaifina babu wanda ya duba masa ko ɗaya.

Na gode, Allah ya taimake ka.

Ɗan ƙasa, daga Zariya